Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Girma Gwamnan Kano kan filin Ƙofar Mata da baƙin da suka daina zuwa

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ja zamaninka, ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da jama'ar Kano suka ɗora maka.

Ni baduku ne ɗan baduku. A rumfar mahaifina da ke Kasuwar Kurmi na buɗe ido, a nan kuma nake neman abincina har yau. Ba ni da muƙami a wata ƙungiya, ba na kuma riƙe da katin kowace jam'iyya. Na rubuto ne a madadin waɗanda muke zaman hira da su bayan la'asar: dukawa irina, marina biyu daga karofin Ƙofar Mata, wani mai bugu, direbobin da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi, da samarin da ba sa fashin kallon Pillars. Da muka yi ta nanata magana ɗaya har ta gundure mu, sai suka ce tunda ni na ɗan zauna a aji, in zuba ta a takarda. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne gasar kofin Afirka da Maroko ta karɓi baƙunci daga 21 ga Disamban 2025 zuwa 18 ga Janairun 2026. A birnin Fas Super Eagles suka buga wasanninsu na rukuni, mu kuma muna kan benci a gidan kallo na unguwa. Kafin a take wasa akan nuno garin a talabijin: ganuwa, manyan ƙofofi, matsattsun lunguna, hasumiyoyin masallatai. Wani yaro da ke kusa da ni, bai wuce shekara 19 ba, ya ce, "Kai, Baba, wannan ai kamar cikin birni." Na ce masa ai an taɓa buga wannan gasar a Ƙofar Mata, Masar da Senegal sun kara a filin da yake zuwa kallon Pillars. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Haba Baba, a Kanon nan?" Bai yarda ba sai da ya duba wayarsa.

Saboda irin wannan yaro, ka yi mini afuwa in maimaita abin da ka riga ka sani. A 1999 Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Kano da Bauchi suka sauki rukunin Ingila, Amurka, Japan da Kamaru. A filin Sani Abacha, wato filin nan na Ƙofar Mata, ne Flying Eagles suka fitar da Ayalan a bugun fenareti, Ayalan ɗin da ke da Robbie Keane da Damien Duff. Shekara na zagayowa, da aka karɓe gasar kofin Afirka daga hannun Zimbabuwe aka ba Ghana da Najeriya, birane 4 kacal aka zaɓa: Akara, Kumasi, Legas da Kano. Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso a nan suka yada zango, a nan kuma Tunisiya ta fitar da Masar a kwata fainal. Sai 2009, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, inda Sifaniya ta sauka a Kano da wasu yara da ba wanda ya san sunansu a lokacin, su Isco da Koke da Morata. Sau uku ke nan cikin shekara 10. Daga nan kuma shiru kake ji.

Shekarata 17 a gasar 2000, kuma ko sau ɗaya ban leƙa filin ba, don mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce in zauna, ƙwallon za ta zo ta same mu har rumfa. Haka kuwa aka yi. 'Yan Senegal sukan shigo kasuwa a ayari, da dogayen rigunansu, kuma wallahi sun iya ciniki kamar 'yan Kwari. Misirawa kuwa mahaifina ya riƙa gwada musu larabcinsa na zaure, su yi dariya, shi ma ya yi, a ƙarshe dai su fita da takalmi da jaka. 'Yan jarida ba sa son kaya mai nauyi, don haka mukan zazzage cushen tumtum mu ninke musu fatar ta shige akwati. A makonni ukun nan mun sayar da abin da kan kai mu wata shida ba mu sayar ba. Da ribar ce ya sayi keken ɗinkin fatar da ke rumfarmu har gobe, fentinsa ya koɗe, amma ɗinkinsa bai canja ba. Tun daga lokacin na gane cewa ɗan wasa minti 90 yake yi a fili, amma shi da masu rakiyarsa da magoya bayansa kwana da kwanaki suke yi a gari. Duk sauran sa'o'in nan namu ne: na mai otal, na mai adaidaita, na mai tsire, na marini, na baduku.

Kukanmu na farko a kan filin ne. A wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2026, duk wasan gida na Super Eagles a Uyo aka buga shi, saboda filin can ne ya cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF. Namu ko cikin lissafi ba ya shiga. Ɗan Kano da ke son ganin 'yan wasan ƙasarsa ido da ido sai ya keta ƙasar nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, da kuɗin mota da na kwana da fargabar hanya. A 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta ci kofin gasar firimiya ta ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. To, in Allah ya sake ba ta wannan nasara gobe, a ina Masu Gida za su karɓi baƙonsu?

Abin da CAF ke nema ba sihiri ba ne. Kujera ga kowane ɗan kallo da lambarta, fitilu masu hasken da kyamara ke buƙata da janareton ko-ta-kwana, fili mai kyau da ba ya karya ɗan wasa, ɗakunan canja kaya, ɗakin likita da na gwajin ƙwayoyi, wurin 'yan jarida, ƙofofin da ke ƙirga masu shiga, bandakuna, filayen atisaye. Yawancinsu Kano ta taɓa cika irinsu, in ba haka ba da FIFA ba ta zo sau biyu ba. Abin da ya gagare mu shi ne riƙo. Akan yi gyara idan baƙo na tafe, baƙo na juya baya a watsar.

Ban ce kai ka fara ba, ranka ya daɗe. Tun kafin zuwanka ake wannan sakaci. A 2020 an mayar da filin cibiyar killace masu korona, kuma ba mai ganin laifin hakan, rai ya fi ƙwallo. Amma bayan nan Pillars ta daɗe tana gudun hijira a Kaduna, kamar marainiya. Sai dai ina roƙonka, idan 'yan kwangila suka zo maka da zanen sabon katafaren fili a bayan gari, ka tuna babban filin Surulere a Legas. Shi ya sauki wasannin Afirka na 1973, a nan aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980 da 2000, daga baya aka bar shi ya zama kufai. Ka tuna na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, ciyawarsa ta mutu har sai da Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyaranta. Filin Ƙofar Mata yana da abin da kuɗi ba ya saya: yana tsakiyar jama'a, ana zuwansa da ƙafa daga Fagge, daga Yakasai, daga Kwari.

Kuka na biyu ya fi ɗaci, don da hannunmu a ciki. A watan Oktoban 2025, bayan wasan Pillars da Shooting Stars na Ibadan, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ɗebe wa Pillars maki 3, ta ci ta tara, ta rufe filin, ta tura wasannin gida Katsina. Samarin da muke hira da su ba su musa ba, sun ce abin kunya ne. Garin da ake cewa baƙonka annabinka, a ce an ga hotonsa a duniya ana bin baƙo da jifa. Wannan hoton duk wani jami'in CAF yana da wayar da zai kalle shi. Ta yaya za ka roƙi a kawo maka Masar ko Senegal alhali ɗan Ibadan bai fita lafiya ba? Waɗanda suka fi jin jiki kuma ba masu jifan ba ne. Mai gurasar da ke kafa teburinsa a bakin ƙofa ne, da matar da ke aiko yara da awara, da mai rake, da mai sayar da rigunan Pillars, da mai adaidaitan da ranar wasa ce ranar cikon balas ɗinsa. Duk wasan da aka buga a Katsina cinikin yini guda ne ya bar Kano.

Masu zuwa filin sun san daga inda ɓarakar take. Ana shiga fiye da ƙima, wani da tikiti, wani da sanayya, wani ta katanga. Babu lambar kujera balle a san wa ya zauna a ina. Masu ɗauke da makami da masu shaye-shaye suna cuɗanya da magidancin da ya riƙo hannun ɗansa. Idan abu ya faru kuma, ƙungiya ce ke biyan tara da kuɗin jama'a, wanda ya yi jifan ya koma gida ya yi barcinsa.

Kuka na uku shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ya shafi garin kansa. Shekaru kaɗan da suka wuce Allah ya nufe ni da ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, tare da wasu 'yan uwa. Bayan mun yi abin da ya kai mu, baduku dai baduku ne, sai na ce a kai ni majemarsu. Wani saurayi mai katin shaidar jagora a wuya ya shige gaba, muka yi ta kurɗawa lunguna har muka hau benen wani shagon fata. A bakin matakala aka miƙa wa kowa reshen na'a-na'a ya kara a hanci saboda wari. Daga saman nan sai ga ramukan jima da na rini birjik, ja da rawaya da ruwan ƙasa, ga majema tsundum a ciki har gwiwa suna tattaka fata. Turawa da 'yan Sin sai ɗaukar hoto suke yi. Ba a karɓi ko sisi don kallon ba, amma hanyar sauka ta cikin shagon take, kuma da wuya mutum ya fita hannu rabbana. Na ɗauki wani takalmi na juya shi na duba ɗinkin. Ranka ya daɗe, ba fariya ba, yaran rumfata sun fi haka. Kuma na tuna abin da dattawanmu ke faɗa, wanda tarihi ma ya tabbatar: jar fatar akuyar ƙasar Hausa ce fatake ke ketara Sahara da ita, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Ranar nan na sauko daga benen jikina a sanyaye. Warin da muke jin kunyarsa a gida, su sun miƙa maka ganye sun mayar da shi kuɗi.

Yanzu dubi namu. Daga ƙofar filin Sani Abacha zuwa karofin Ƙofar Mata tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa. Karofin nan ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Har yau akwai masu haɗa baba da toka su tsoma zane su ɗaga, su tsoma su ɗaga, har shuɗin ya kama, daga nan a kai wa masu bugu su fito masa da ƙyalli. Amma ramuka da yawa sun bushe, wasu an cike su da shara, masu aikin kuma yawanci dattawa ne, 'ya'yansu sun kama tuƙin adaidaita ko sayar da kayan waya. Ɗaya daga cikin marinan da muke zama da su ya ce akan yi mako bai ga baƙon ido ba. Ban san wani birni da Allah ya haɗa wa filin ƙwallo da wurin tarihi irin wannan ƙofa da ƙofa ba, mu kuma mun bar su kamar ba su san juna ba.

Badala kuwa sai dai a ce inna lillahi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce, wadda ta sa ake kiran cikin gari birni, an yi ta yankarta ana kafa shaguna da gidaje, an ɗebi ƙasarta an yi bulo, wani wurin ta zama juji. Tun 2007 take jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya a hukumar UNESCO, ba ta shiga ba. Tsohon birnin Fas ya shiga tun 1981. Kowace shekara abin da za mu nuna wa masu tantancewa raguwa yake yi. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, in damina ta sauka sai ka naɗe wando kafin ka ratsa ta, ga warin Jakara ba na'a-na'ar da za ta iya masa. Kwanaki wani ɗan kasuwa daga Dakar da ke sarin takalma a wurina ya ce in zaga da shi gari. Muka hau Dala, ya tsaya yana kallon birni ta kowace fuska, ya yi ta tambayata: ina ganuwar ta bi, wace ƙofa ce waccan, wa ya fara zama a nan? Na ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura gwargwadon abin da na ji a bakin kakata. Da ya ciro wayarsa zai ɗauki hoto, sai na tsinci kaina ina waige-waige ina ce masa ya yi sauri ya mayar aljihu. Ya dube ni bai ce komai ba. Har yau kunyar wannan kallon ba ta sake ni ba.

Sai Hawan Sallah. A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. A wannan shekarar ce kuma 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah, suka sake hana na Ƙaramar Sallah a 2025, saboda rikicin masarauta. Ba zan tsoma bakina a wannan rikici ba, ya fi ƙarfin baduku. Abin da na sani shi ne wanda ya shafi tukunyata. Dukawa da masu sirdi da linzami da kayan doki, rabin cinikinsu na shekara a kan hawa yake. Baƙon da zai taso daga Jamus ko Japan don Hawan Daushe watanni kafin Sallah yake yankar tikiti, idan ya zo sau ɗaya aka ce an fasa ana jibi, ba zai dawo ba, zai kuma faɗa wa goma. Masu ba da gasa su ma wannan suke dubawa: shin garin nan idan ya sa rana, ranar tana tabbata?

Na san abin da wasu za su ce, don a majalisarmu ma an faɗa. Ana fama da tsadar abinci, ga makarantu, ga asibitoci, ga ruwan sha, wa ke ta ƙwallo? Gaskiya ne, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin fitilar fili da maganin asibiti, magani zan ɗauka. Amma ka duba abin da muke roƙo: magudanar ruwa a Kurmi, fitilun titi, tsaro daga masu ƙwacen waya, kwashe shara, kare badala. Wanne ne a ciki baƙo zai naɗe ya tafi da shi? Shi kwana biyar zai yi, mu ne za mu ci gaba da amfani da su. Wasu kuma suna tsoron kada baƙi su zo da abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya. Katar ta karɓi gasar duniya a 2022, ta hana sayar da giya ga 'yan kallo a filayen wasa, aka yi gasa aka tashi lafiya. An ba Saudiyya ta 2034. Fas ɗin da muke zuwa ziyara tana cikin biranen da Maroko ta gabatar don ta 2030. Mu ma a 1999 da 2000 da 2009 baƙi sun zo sun tafi, ba abin da ya ragu a Musuluncin Kano.

In ana ganin Maroko ta yi nisa, ga maƙwabta. Garwa a arewacin Kamaru ta sauki rukunin Najeriya a gasar kofin Afirka a Janairun 2022. A filin Rumde Ajiya ne Kelechi Iheanacho ya ci Masar, a nan kuma Tunisiya ta fitar da mu. Abokaina da suka bi ta Yola suka je kallo sun dawo suna labarin yadda Hausa da Fulatanci suka ishe su cin kasuwa. Maraɗi ta raba gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 da Yamai a 2019. Da Garwa da Maraɗi, Kano ta ninka kowannensu yawan jama'a da kasuwa. Ga filin jirgin Malam Aminu Kano, a garin da jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan tun 1925, ko da yake kamfanin jiragen sama na KLM da ya yi shekaru aru-aru yana zuwa ya janye a 2012, shekarar da aka kai wa garin munanan hare-hare. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsa. Ga sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ba ruwan sama ba zafin da zai gajiyar da ɗan wasa. Kirarin "ko da me ka zo an fi ka" ba a banza aka yi shi ba, amma masu tantance birane ba kirari suke ji ba, zuwa suke su buɗe famfo su ga ko ruwa zai zubo. Abuja ta nemi wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2014 aka ba Glasgo, ta sake neman na 2030 aka ba Ahmedabad ta Indiya a Nuwamban 2025. Wata rana Najeriya za ta sake neman babbar gasa, kuma ranar da za a zauna rubuta sunayen birane, wanda ya shirya ne za a rubuta.

Don haka ga roƙonmu, Mai Girma.

Ka gayyato masu duba filaye na CAF ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, su zaga filin Sani Abacha lungu da saƙo, su rubuta abin da ya rage. Rahoton kuma kada ya kwanta a durowa. A karanta shi a rediyo da Hausa, kowa ya ji abin da ake buƙata da kuɗinsa da ranar gamawa. A gyara wanda muke da shi, a kuma ware masa kuɗin kulawa na kowace shekara a kasafi, da ma'aikatan da aikinsu ke nan, kada a jira sai baƙo ya taso. Taron siyasa da na biki a nema musu wani wurin, ko da na jam'iyyarka ne.

A sa wa kowace kujera lamba, a daina sayar da tikitin da ya wuce yawan kujeru, a kafa kyamarori. Wanda aka kama ya yi jifa ko ya tsallaka fili a gurfanar da shi da sunansa a gaban alƙali, a kuma haramta masa shiga. Shugabannin magoya baya sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya, a zauna da su a ɗora musu nauyi. Alhamdu lillahi, Ahmed Musa ya dawo gida yana cikin tafiyar Pillars, ya buga ƙwallo a Rasha da Ingila da Saudiyya, ya san yadda ake shiga fili a fita a waɗannan wurare. A saurare shi.

Ka sa hannu a dakatar da duk wani rabon fili ko gini a jikin badala, a shata abin da ya rage a killace shi. A fitar da hanya guda ta ƙafa wadda za ta tashi daga filin wasa ta bi ta karofi, ta shiga Kurmi, ta je Gidan Makama da ƙofar fada, ta ƙare a Dala. A gyara magudanarta, a sa fitilu da alluna da Hausa da Larabci da Turanci da Faransanci, a girke jami'an tsaro. Ɗaliban tarihi da harsuna da Jami'ar Bayero ke yayewa kowace shekara suna zaune ba aiki, a horar da wasunsu a ba su katin jagora irin na saurayin nan na Fas. A yashe ramukan karofi, a tallafa wa dattawan su ɗauki almajiran sana'a tun suna da ƙarfin koyarwa. Wannan na ƙarshe ba ya jira, don biyu daga cikin waɗanda na sani a karofin sun riga mu gidan gaskiya cikin 'yan shekarun nan, da abin da ke kansu suka tafi.

Maganar hawa, muna roƙonka da girman Allah ka yi duk abin da ke hannunka, tare da dattawan gari da jami'an tsaro, a kai ga matsayar da za ta sa a riƙa sanar da shi da wuri kuma a yi shi.

Sannan kada a fara da babbar gasa. A nemi ta matasa ta yankin Afirka ta Yamma, ko wasan sada zumunta na Super Eagles, ko na mata, ko gasar dambe da kokawa da za ta haɗa mu da Nijar, tunda su duk shekara suna zagaya jihohinsu da gasar takobi, gari ya cika ya batse. A yi ƙarama a ga inda aka yi tuntuɓe, a gyara, a nemi wadda ta fi ta.

In ka samu sarari wata Asabar da safe, ka bar jiniya da rakiya a gida, ka zo mu taka wannan hanyar tare, daga ƙofar fili zuwa gindin Dala. Ba za ta ci maka awa biyu ba. Marina sun ce za su tanadi zane a rami ka ɗaga da hannunka, ni kuma in mun iso Kurmi zan nuna maka keken nan na mahaifina. In da damina ce, ka taho da takalmin roba.

Allah ya taimake ka, ya zaunar da Kano lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani baduku daga Kasuwar Kurmi, a madadin abokan zamansa.